Tambari Ko Alkawari: Me Kasuwanci Mai Tasowa Ke Buƙata Da Farko?

Me ya sa kayan da ake yi a Maraɗi, waɗanda duk wanda ya ɗanɗana ko ya taɓa ya san suna da kyau, ba sa yin sunan da zai kai su Yamai ko Kano su zauna da gindinsu? Tambayar ta ƙara ƙarfi tun bayan takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da hanyar kudu ta toshe aka koma kiran a ci na gida, a sha na gida. Amsar da ta fi yawo a bakin matasa da wuraren horar da 'yan kasuwa ita ce: ba mu da tambari, ba mu da kwali mai ɗaukar ido. Sai mai man gyaɗa da mai garin yaji da mai turaren wuta kowa ya nufi wurin mai kwamfuta, a zana masa alama, a buga masa takardar liƙawa, a buɗe masa shafi a Facebook. Kuɗi su fita, kwalba ta yi kyau, bayan 'yan watanni a duba a tarar ciniki yana nan inda aka bar shi.

Laifin ba na mai zane ba ne. An dai fara ne da abin da ya kamata ya zo daga baya.

Abubuwa uku da ake cuɗawa wuri ɗaya

Akwai sunan kasuwanci, wato abin da ake kiran shago ko kaya da shi. Akwai tambari, wato zane da launi da irin rubutun da ido ke gani a jikin leda ko kwalba ko ƙofar butik. Waɗannan biyu kowa ya san su, kuma in da kuɗi ana samunsu a yini guda. Na ukun shi ake tsallakewa, shi ne kuwa jigon: magana ɗaya tak da kake so ta faɗo a ran mutum da zarar ya ji sunanka, wadda kuma ka ɗaure wa kanka cika ta kullum. Alkawari ne tsakaninka da mai saye, ko ka furta shi ko ba ka furta ba.

Duk ɗan Maraɗi yana aiki da wannan abu. Uwargida ta aiki yaro ta ce, "Je wurin wane, shi tiyarsa a cike take." Direba ya ce wa abokinsa, "Kai motar garejin wane, in ya ce gobe to gobe ne." Cika awo da cika lokaci su ne jigon waɗannan mutane biyu, alhali babu ɗayansu da ke da zane a ƙofa. Aikin suna da tambari shi ne su tuna wa mutum wannan magana, su taimaka masa ya gane kayanka a cikin na wasu. In babu maganar da za a tuna, zane ba shi da abin da zai ɗauka. Wanda ya buga tambari bai san jigonsa ba, kamar tela ne da ya yanka shadda bai gwada mai riga ba.

Dalilin da ya sa maganar ta taso a yanzu

Kasuwancin Maraɗi a kan sanayya aka gina shi. Tun zamanin cinikin gyaɗa, kafin farin farkon shekarun 1970 ya karya shi, har zuwa lokacin da alhazai suka mai da hankali kan fataucin kaya tsakanin Nijar da Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya, tsarin ɗaya ne: ubangida da yaransa, dillali da mai masauki, bashi da baki babu takarda. Ana ba mutum kayan miliyoyi domin an san shi, an san mahaifinsa, an san masallacin da yake salla. Alhaji da kansa shi ne suna, shi ne tambari, shi ne alkawari. Tsarin ya yi aiki, har gobe yana yi, kuma ba abin rainawa ba ne.

Matsalar tana fitowa ne ranar da kasuwanci ya wuce inda idon mai shi ke kaiwa. An buɗe shago na biyu a unguwar Zariya, na uku a Tasawa. Hajiyar da ke murza ƙuli-ƙuli da hannunta ta ɗauki mata biyar suna taya ta. Kaya sun shiga mota sun tafi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, an jera su a kan kanta kusa da irinsu goma, mai saye kuwa bai taɓa ganin Hajiya ba, ba kuma zai gan ta ba. Odar WhatsApp ma haka take: mutum ya tura kuɗi ta Nita ko Al Izza ga wanda bai san fuskarsa ba. A nan ne amanar da ke jikin mutum ɗaya take buƙatar ta koma jikin kaya da jikin ma'aikata, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an san wace irin amana ce, an faɗe ta da baki.

Akwai wani dalili da ba a cika son ambata ba, amma kowa ya gani da idonsa. Gidajen kasuwanci nawa suka watse bayan rasuwar maigida? An raba gado yadda shari'a ta tanada, shaguna da motoci sun je hannun magada, amma abin da ke jawo mutane ba ya cikin abin da aka raba, domin a jikin marigayin yake shi kaɗai. Wannan yana damuna ƙwarai. Wahalar rayuwar mutum guda ce ke narkewa cikin ɗan lokaci, tare da abincin yaran gida da iyalansu. Da an san abin da gidan ya tsaya a kai, an koya wa 'ya'ya da ma'aikata shi tun maigida na raye, da akwai abin riƙewa.

Sai kuma canjin kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tun da aka bar kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023 ta yi faɗuwar da ta sha sa kayan masana'antun Kano da Legas su yi araha ga mai riƙe da sefa. Mai ƙaramar sana'a da ya ce da rahusa zai kara da su, ya shiga kokawar da ba zai ci ba. Dole ya samu wani dalilin da zai sa a zaɓe shi ko da nasa ya fi tsada da ɗan wani abu.

Yadda ake gano jigon

Ba a shiga ɗaki a ƙirƙiro shi. A kasuwancin da ya riga ya fara tasowa, jigon yana nan tuni a bakin masu dawowa, aikin mai shi ya saurara.

A ɗauki misalin mace mai matsar man gyaɗa. Ta tambayi waɗanda suka daɗe suna saye a wurinta: "Me ya sa kike wuce masu mai uku ki zo wurina?" Amsar farko ta kara ce: "Ai naki ya fi kyau, Hajiya." Kada ta tsaya nan. "Kyau ta wace fuska, 'yar'uwa?" Sai gaskiya ta fara fita. Wata ta ce ƙamshinsa na gyaɗa ne sosai. Wata ta ce ba ya kumfa a kasko. Wata ta ce, "Ko yaro na aiko, abin da za ki ba ni shi za ki ba shi." In ta ji magana ɗaya tana maimaituwa daga bakuna daban-daban, ta kusa kamawa. Wataƙila ita a zatonta araha ce ke kawo su, ashe abin da suke biya shi ne tabbacin cewa ba ta haɗa manta da komai. Haka nan ta nemi waɗanda suka daina zuwa ta ji ta bakinsu. Jin nasu ya fi ɗaci, ya kuma fi amfani.

To ga jigo ya fito: zalla, babu haɗi. Kafin ta rungume shi, sai ta gwada shi. Shin maƙwabciyarta za ta iya faɗar haka ba tare da ta yi ƙarya ba? Wannan ne ke kayar da yawancin abin da muke ji a tallar rediyo. "Inganci da rahusa," "gamsuwarku ita ce burinmu": mai siminti zai faɗa, mai burodi zai faɗa, don haka ba ta bambanta kowa da kowa. Shin mai saye zai iya tabbatar da maganar da hancinsa ko harshensa ko agogonsa? Sannan gwajin da na fi ba muhimmanci: yarinyar da aka ɗauka aiki makon jiya, in Hajiya ta tafi biki Tibiri aka kawo buhun gyaɗa mai fumfuna a farashi mai sauƙi, shin jigon zai gaya mata abin da za ta yi ba sai ta buga waya ba? In zai gaya mata, ya kai jigo.

Kuma ɗaya ake so. Mai kasuwanci yana son a san shi da araha, da kyau, da sauri, da fara'a duk a lokaci guda, amma taura biyu ba ta taunuwa. Sauran kyawawan halaye su kasance, ɗaya dai ake sawa gaba. Zaɓen jigo kuma zaɓen mai saye ne. Mai tuyar ƙosai da ke neman bido mafi araha don ribarta ta fita tana da hujja, sai dai ba ita ce mutuniyar wannan Hajiya ba. Tata ita ce uwargidan da ke son sanin abin da take zuba wa 'ya'yanta a tukunya. Wanda ya ce kowa nasa ne, a ƙarshe babu wanda zai tuna shi.

Tunda maganar kasuwanci mai girma ake, jigon ya zama yana da faɗin da zai ɗauki gobe. Wadda aka sani da "mai gyaɗa" kawai, ta tsaya a gyaɗa. Wadda aka sani da "zalla, babu haɗi" za ta iya ƙara man riɗi, da tunkuza, da garin aya daga Agye ko Gazawa, da zuma, mutane su karɓa domin alkawarin ɗaya ne. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta saro farin man waje ta ɗura a kwalba mai sunanta, komai ribar da ke ciki.

Alkawari yana da kuɗinsa

Ga inda mutane da yawa ke ja da baya. Damina ta yi nisa, gyaɗar bara ta ƙare a rumbu, farashi ya hau. Masu mai da dama sun fara sirkawa don kada kwalba ta yi tsada. Hanyoyin da suka rage wa Hajiya ba su da daɗi: ta ƙara kuɗi wasu su gudu, ko ta rage girman kwalba ta kuma faɗa a fili, ko ta dakata har kaka ta yi. Kowacce da asararta. Amma in ta sirka sau ɗaya aka gane, ta sayar da abin da ta yi shekaru tana tarawa a kan ribar wata biyu. Ni a ganina, jigon da bai taɓa sa mai shi ya ƙi wani ciniki ba, ado ne kawai.

Manyan kamfanonin duniya ma a kan wannan suke. Kamfanin motoci na Volvo, na ƙasar Suwidin, ya tsaya a kan tsaron ran mai tuƙi. A 1959 injiniyansa Nils Bohlin ya fito da bel ɗin kujera mai ratsa ƙirji da ƙugu, irin wanda ke cikin motoci a yau, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera mota su yi amfani da shi maimakon ya riƙe wa kansa. Ya bar kuɗi, ya ƙarfafa abin da aka san shi da shi. Coca-Cola kuwa a Afrilun 1985 ya sauya ɗanɗanon lemonsa a Amurka bayan gwaji ya nuna mutane sun fi son sabon. Masu sha suka tayar da ƙura, kafin wata uku ya dawo da tsohon. Abin da suke saye shi ne wanda suka saba da shi, wanda ba ya sauyawa. Kamfanin da ke da ƙwararru birjik ya kasa gane alkawarin da mutane suka riƙe shi da shi, balle mu da ba mu taɓa tambaya ba.

Masu ja da masu goyon baya

Dattawan kasuwa da yawa ba su yarda da wannan zance ba. Suna cewa kaya mai kyau shi ke sayar da kansa, arziki na Allah ne, yabon kai kuma jahilci. Suna da gaskiya babba: babu zanen da zai ceci kaya marar kyau, kuma su ne suka fi kowa sanin darajar cika magana. Inda na rabu da su shi ne, kaya yana sayar da kansa ne a inda aka san mai shi. A kan kantar wani shago a Damagaram ko Yamai, mai kyau da marar kyau duk a rufe suke cikin leda.

Matasa masu waya a hannu suna cewa zamani ya sauya, ido ke fara saye. Su ma suna da rabonsu na gaskiya. Kwalba mai tsabta, murfi mai kyau, ranar da aka yi kaya da ranar da zai lalace, lambar wayar da za a kira in an ga matsala, duk haƙƙin mai saye ne, kuma shaidar hukumar kula da ingancin kaya ta ANMC tana buɗe ƙofofin da ba sa buɗuwa da baki. Kuskurensu shi ne kwaikwayo. Ka ga sabulu biyar na gida, duk da sunan Faransanci ko Ingilishi, duk da launi iri ɗaya, duk suna ƙoƙarin kama da na waje. Mai neman na waje zai sayi na waje.

Akwai kuma masu ɗari-ɗari ta fuskar addini, suna ganin duk wannan ƙawata kaya ne don a yaudari mutane. Tsoronsu yana da tushe. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abincin da ake sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani kan algus. Kwali mai kyau a kan kaya mai haɗi shi ne wannan tarin. Amma wanda ya rubuta alkawarinsa a jikin kaya da sunansa da lambarsa, ya ba mutane igiyar da za su kama shi da ita in ya saɓa. Wannan ya fi kusa da amana fiye da kayan da ba a san mai su ba.

Suna, takarda da iyaka

Sai bayan jigo ya zauna ake zaɓen suna da zane, su kuma su bi shi. Suna ya zama mai sauƙin faɗa ga wanda bai yi boko ba, domin a kasuwarmu da baki ake aike, da launi ake gane kaya. Tunda dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma masu jin ta sun cika ɓangarori biyu na iyaka, babu dalilin jin kunyar sunan Hausa.

Mutane da yawa suna zaton rajistar kasuwanci da lambar haraji sun kare musu suna. Ba su kare ba. Kare tambari a hannun OAPI yake, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa. Rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17 har da Nijar, tsawon shekara 10, ana kuma sabuntawa. A ƙa'idarta wanda ya riga ajiye takarda shi ke da haƙƙi, don haka wanda ya yi jinkiri yana iya wayar gari wani ya riga shi da sunan da shi ya gina. Sunan da kawai ke siffanta kaya, irin su "Man Gyaɗa Mai Kyau", ba ya zama mallakar mutum ɗaya.

Abin da ya fi shafar ɗan Maraɗi shi ne Najeriya ba ta cikin OAPI. Takardarka tana kare ka a Dakar da Libreville, ba ta kare ka a Katsina da ke nan kusa. Wanda kasuwarsa ke kudu sai ya yi rajista daban a Abuja, in kuma abinci ne ko man shafawa sai ya bi ta NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya. Layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, in ya kammala zai sauƙaƙa wa kayanmu fita, zai kuma sauƙaƙa wa na jabu shigowa da sunanmu a jikinsu.

Abin da talaka zai gani a aljihunsa

Gaskiya ita ce kaya mai suna yakan fi tsada, domin kwalba da takarda da rajista duk a kan mai saye suke komawa. Ga wanda ke sayen man dala ashirin kullum, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma mai kasuwancin da ya san mutanensa zai yi ƙaramin ƙulli mai ɗauke da alkawari iri ɗaya da babban. Abin da mai saye ya samu a madadin shi ne wanda zai riƙe in kaya ya ɓaci. Ma'aikaci kuma ya samu ƙa'idar da ba ta sauyawa da yanayin fuskar maigida a ranar.

Waɗanda nake jiye wa su ne mata masu sana'ar cikin gida, da manoman zogale na Jiratawa, da masu jima, waɗanda ba su da kuɗin rajista ko buga kwali kowa shi kaɗai. In ba a yi hattara ba, mai jari zai saye kayansu a araha ya liƙa sunansa, darajar ta tafi wurinsa. Akwai hanyar da doka ta tanada musu. Nijar ta riga ta yi wa albasar Galmi da kilishi rajista a OAPI a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da inda suka fito, ta yi wa cuku da fatar jan akuyar Maraɗi tambarin haɗin gwiwa. Ƙungiyar mata masu man gyaɗa ko masu garin zogale za ta iya bin wannan sawu, su haɗa kuɗi su mallaki suna ɗaya. Sai dai aikin farko a nan ma shi ne su zauna su yarda da abu ɗaya da duk kwalbar da ta fita da sunansu za ta cika, su naɗa mai dubawa, su kuma rubuta tun farko cewa wadda ta karya ƙa'ida za a karɓe mata tambarin, ko da ƙanwar shugabar ƙungiya ce.